Canjin fulogin jif a gida: abin da kowa ya gani

Mai tambaya, daga Zariya

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Highlander ƙirar 2006 mai silinda shida, kuma tun shigowar hunturun nan take karkarwa idan na tsaya a danja, musamman da sassafe kafin inji ya ɗauki zafi. Na'urar binciken mota ta nuna P0302, wato silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Ina son in canja fulogi da kaina ranar Asabar, don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa yin aikin a gida ya faɗa mini yadda ta kasance masa.

Mai RAV4, daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Tawa mai silinda huɗu ce, kuma aikin bai kai ni awa guda ba, domin dukkan fulogin a jere suke a saman inji. Na bar motar ta kwana ta huce, na kwance notin kowane koyil, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, da soket mai lamba 10, sannan na zaro fulogin da doguwar soket mai lamba 16, irin mai roba a ciki wadda take riƙe shi. Kafin ka kwance ko ɗaya, ka hure ƙurar da ta taru a ramin, domin da zarar fulogi ya fita, duk yashin da ke wurin cikin silinda zai faɗa. Kuskurena shi ne na finciki jonin wayar koyil, alhali zafin shekaru ya busar da robar, sai ɗan maƙallin ya karye a hannuna.

Mai Lexus RX330, daga Kaduna

Ɗan'uwa mai RAV4 ya faɗi gaskiya game da tasa motar, amma kada Malam ya auna tasa da ita. Injinmu ɗaya da kai, mai lita 3.3, kuma a gicciye aka ɗora shi. Silinda ta 2 da ta 4 da ta 6 suna gaba wajen lagireto, ko yaro zai iya kai musu hannu. Ta 1 da ta 3 da ta 5 kuwa suna baya, a ƙarƙashin babban akwatin iskar da ke kwance a kan inji.

Na fara bayan sallar asuba da niyyar gamawa da hantsi, amma har aka kira la'asar ina duƙe. Sai da na cire bututun iska, na zare wayoyi da ƙananan tiyo masu yawa, kafin in iso ga ƙarafunan da suka tallafi akwatin ta baya, waɗanda ido ba ya ganin notinsu, sai dai laluben yatsa. Da na ɗaga akwatin, kafofin da iska ke bi zuwa cikin inji suka bayyana a buɗe, kuma ban toshe su nan take ba. Wani ƙaramin noti ya suɓuce mini, ya tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu, na ɗauko shi da maganaɗisu hannuna yana rawa. Tun daga ranar, tsumma mai tsabta nake fara cusawa. Ka ɗauki hoton kowane tiyo da wayarka kafin ka cire shi, domin ni na manta da guda ɗaya, motar ta tashi tana hawa da sauka har sai da na gano shi. Kuma ka tanadi sabon gasket na akwatin tukuna, wato shimfiɗar da ke hana iska yoyo a mahaɗarsa da inji.

Sai dai tunda silinda ta biyu ce, kada ka yi gaggawar ɗora wa fulogi laifi. Ka musanya koyil ɗinta da na ta huɗu, ka goge lambar, ka ɗan yi tuƙi. Idan lambar ta koma P0304, wato silinda ta huɗu, to koyil ne ya mutu.

Tsohon bakanike, daga Katsina

'Ya'yana, abin da ya fi kawo mini motoci daga hannun masu gyara a gida shi ne cin tiredi, wato lalacewar zaren ramin da ake murza fulogi a ciki. Kan waɗannan injuna na alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe ne mai tauri, saboda haka idan ya shiga a karkace aka bi shi da sifana, ramin ne zai lalace, kuma gyaransa ya fi kuɗin aikin da aka guje wa nesa ba kusa ba. Ni guntun tiyo nake cusawa a kan farin kan fulogin, in zura shi, in murza da yatsu. Idan ya hau daidai zai tafi salin-alin, idan kuwa ya karkace tiyon ne zai zame. Bayan ya zauna, sabon fulogi mai zoben ƙarfe (washa) kusan rabin juyi yake buƙata da sifana, ba a hau shi kamar notin taya ba. Kada kuma a shafa masa giris, domin santsin zai sa a wuce ƙima wajen ɗauri ba tare da an ji ba.

Mai Honda CR-V, daga Maraɗi

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni da ƙanena muka yi namu, kuma mun tarar da baƙin mai ya cika rami biyu, abin da ya nuna robobin murfin saman inji sun saki, don haka sai da muka canja su. Na kuma taɓa sayen fulogin iridiyam mai araha a wani shago, ashe jabu ne, cikin 'yan watanni siririn bakinsa ya cinye. Na ainihi yana zuwa da tazarar bakinsa ta milimita 1.1, kuma ba a goge bakinsa da samfefa kamar yadda ake yi wa fulogin da.

Mai tambaya, daga Zariya

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na musanya koyil kamar yadda ɗan'uwa na Kaduna ya ce, lambar ta bi shi ta koma P0304, sai na sayi sabo, karkarwar ta tsaya. Na canja fulogi uku na gaba da dabarar tiyon Baba, kuma na tarar bakinsu ya cinye sosai, abin da ya tabbatar mini na bayan ma haka suke. Su na bar su zuwa Asabar mai zuwa, domin gasket ɗin da na aika a sayo bai iso ba tukuna.