Dogon ƙwan kicin ɗina sai ya yi ta ƙiftawa kafin ya kama

Uwargida daga Zariya

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar wuta ku taimaka mini. Ina da dogon ƙwan nan na fulorasan mai ƙafa huɗu a silin ɗin kicin, wat 36 aka rubuta a jikinsa. Da, ina danna makunni zai ƙifta sau ɗaya ya kawo. Tun shigowar hunturun nan kuwa sai ya yi ta ƙiftawa yana ƙas-ƙas, wani lokaci har in gama dama wa yara koko bai tsaya ba. Da asuba abin ya fi tsanani, da rana bai cika ba ni wahala ba. Na lura bakinsa guda ya yi baƙi ƙirin, ɗayan kuma ja yake yi kafin hasken ya zo. Maigida ya yi tafiya, kuma ba na so in kira mai gyara ban san inda matsalar take ba. Ƙwan ne ya mutu, ko akwai wani abu?

Mai gyaran wuta, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu uku ne ke aiki tare a fitilar nan: ƙwan, sitata da cok, wato ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi da ke cikin jikin fitilar. Sitata shi ne ɗan farin gwangwanin da ke maƙale a jikin ƙarfen, bai wuce babban yatsa ba, kuma shi ne mai ƙas-ƙas ɗin. Yana haɗa wuta don siraran wayoyin da ke bakin ƙwan biyu su yi zafi, jan da kike gani ke nan, sai ya saki, cok ya harbo wuta mai ƙarfi ta kunna iskar da ke ciki. In bai kama ba ya sake.

Ki fara da sitata, shi ya fi araha. A murɗa shi hagu kaɗan zai fito. A je shago da shi a hannu a ce S10 ake so, shi ne na wat 4 zuwa 65. Kada a karɓi S2, na ƙananan ƙwai ne. Amma baƙin da kika ce bakinsa ya yi alamar tsufa ce, sinadarin da aka shafa wa wayoyin ya cinye. Ni a irin wannan duka biyun nake sauyawa, domin ƙwan da ya gaji shi ke kashe sabon sitata.

Kafin a taɓa komai a cire katawut ko a kashe wutar gidan gaba ɗaya. Makunnin bango bai isa ba, na sha tarar da gidajen da aka juya wayarin, fitila a kashe amma wuta na nan a samanta. In an sauke ƙwan a duba ramukan da ƙafafunsa ke shiga, hayaƙin girki da tsatsa kan hana su kamawa sosai. Cok kuwa in yana ƙugi da ƙarfi ko yana warin ƙuna, wannan aikinmu ne, kada ki sa hannu.

Maman 'yan biyu, Funtua

'Yar uwa, ki kuma lura da ƙarfin wutarku. Mu nan da magariba in kowa ya kunna kayansa, namu ba ya kamawa sam, sai dare ya raba. Ki dubi fanka: in tana juyawa da ƙyar, to wutar ce ta yi ƙasa, ko sabon ƙwai kika sa haka zai yi.

Malamin kimiyya, Katsina

Abin da Maman 'yan biyu ta faɗa gaskiya ne, mai cok yana son wuta ta kusanci bolt 230 da aka ƙera shi dominta. Amma tunda Hajiya ta ce da asuba ya fi, sanyi na da hannu. A cikin ƙwan akwai ɗan zaiba, kuma sai ta zama tururi haske ke kankama. Sanyi yana rage tururin, shi ya sa tsohon ƙwai ke tona kansa da hunturu. Ni dai shawarata a koma dogon LED, wat 18 yana ba da haske kusan iri ɗaya, babu jira, kuma yana jure raunin wuta. Sai dai a bar wa mai gyara haɗinsa, don wasu sai an cire sitata, wasu har an tsallake cok. Tsohon kuma kada a fasa shi, kada a bar wa yara su yi wasa da shi, zaiba guba ce.

Uwargida daga Zariya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ƙanena ya zo ya cire katawut ya sa sabon S10, ƙas-ƙas ɗin ya ragu amma bai daina ba. Da ya sauya ƙwan ma, ya goge maiƙon da ya taru a ramukan, sai ya kama nan take, yau da asuba ma haka. Tsohon na mayar cikin kwalin sabon na ɗora inda yara ba sa kaiwa. Malam, na falo ma ya fara baƙi a baki, shi zan sa a mayar LED in maigida ya dawo, in sha Allahu.