Me ke rufe ƙananan masana'antun iyali a Kaduna?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sanin harkar sarrafa kaya ce. Duk wanda ya zagaya Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Mu'azu har zuwa Kakuri zai ga ƙofofin da kwaɗonsu ya yi tsatsa: gidan burodi, gidan ruwan leda, wurin buga bulo, injin matsar man gyaɗa. Yawancinsu na gida ɗaya ne, uba ya kafa, 'ya'ya da ƙanne ke aiki a ciki. Sai a shekara goma sha biyar ana ciniki, rana ɗaya ka ji an sayar da injin. Kowa ka tambaya sai ya ce wuta ce, ko tsadar dala. To amma maƙwabcinsu mai irin sana'ar, a layin wuta ɗaya, yana nan yana aikinsa. Ina ainihin ɓarakar take? Kuma wace alama ake gani kafin a kai ga rufewa?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Wuta da dala gaskiya ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi yawa ita ce cin uwar kuɗi ba tare da an sani ba.

Ga misali, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. Mai bulo ya sari siminti buhu 100 a kan naira 8,000, ya kashe 800,000. Bayan ya cire kuɗin yashi, ruwa da leburori, abin da ya dawo hannunsa 920,000 ne. A ganinsa ya ci ribar 120,000, sai ta tafi cefane da kuɗin makaranta. Ya koma wurin dila ya tarar buhu ya zama 10,000. Jarinsa na 800,000 yanzu buhu 80 zai saya. Ko da bai taɓa ko sisi ba, buhu 92 zai samu. Ashe faɗuwa ya yi, yana murnar riba. Haka aka yi ta yi tun daga Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin sayarwa ana ɗora shi ne a kan abin da za a sake sayen kaya da shi gobe, ba a kan abin da aka saya jiya ba. Jari kuma a riƙa auna shi da buhu, ko jarka, ko tan, kada a auna shi da naira.

Sai kuɗin tsufan inji, wanda kusan babu mai cirewa. Injin naira miliyan 3 da zai yi shekara 5 yana cin 50,000 duk wata, wato kusan 2,000 a kowace ranar aiki. Idan ba a ware wannan a wani asusu dabam ba, ranar da injin ya kwanta masana'antar ta kwanta tare da shi.

Bashi kuwa shi ke ƙarasa aikin. Dilan fulawa ko na leda kuɗi hannu yake karɓa, masu shago kuma sai bayan sun sayar. In kayan da kake fitarwa kullum sun ci 100,000, kana kuma ba da bashin wata guda, to a kowane lokaci miliyan 3 ɗinka na hannun mutane. Ciniki na ƙaruwa, kuɗin hannu na raguwa. Wanda ya ruga banki don cike giɓin ya tuna cewa a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Sana'ar da ribarta ba ta wuce kashi 15 ba, ba ta iya ɗaukar wannan.

Alamar farko da kuka tambaya: a duba yadda ake sari. Wanda da yake sauke mota guda, ya koma rabin mota, ya koma ɗauko buhu biyar a keke napep, jarinsa na zagwanyewa ko da shagon cike yake da masu saye. Maganin kuma ba ɓoyayye ba ne. Maigida ya yanka wa kansa albashi, ɗa ko ƙane mai aiki shi ma a yanka masa, duk abin da ya fita zuwa gida a rubuta shi, ko burodi ɗaya ne.

Bakaniken Panteka:

Malam Mai Lissafi ya gama magana a kan kuɗi, bari in ɗora ta ɓangaren ƙarfe.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit. Duk da haka ta fi janareta sauƙi. Litar man gas ɗaya, a janareta mai lafiya, yunit 3 take bayarwa ko sama kaɗan. A raba kuɗin lita gida uku, a ƙara baƙin mai da filta, za a ga kuɗin yunit ɗaya. Mai masana'antar da bai san yunit nawa buhu ɗaya na kayansa ke ci ba, a cikin duhu yake yanka farashi.

Kuskuren da ake yawan yi wajen sayen janareta iri biyu ne. Wani ya sayi ƙarami daidai da lambar da ke jikin motar lantarkin da ke juya injinsa, ya manta irin wannan mota na jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, sai janareta ya riƙa durƙushewa. Wani kuma ya sayi ƙato don gudun hakan, ya riƙa ɗora masa ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa. Irin wannan yana shan mai a banza, ɗanyen mai na tsiyaya ta salansa, zoben fistin na toshewa. Abin yi shi ne a sa wa manyan motoci akwatin tashi a hankali, a kuma tayar da su ɗaya bayan ɗaya, babba a farko.

Babban mai ƙona kwayil ɗin motar lantarki shi ne ɗaukewar layin wuta ɗaya cikin ukun da take aiki da su. Motar ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da juyi tana gurnani a kan layi biyu har wayar ta gasu. Akwai 'yar na'urar da ke yanke wuta da zarar layi ya ɗauke, kuɗinta bai kai na sake naɗa kwayil sau ɗaya ba, amma a wurare da yawa babu ita. Kuma motar da aka sake naɗawa da siririyar waya ba ta komawa ƙarfinta na asali. Baƙin man janareta a juye shi duk awa 250 na aiki, da hunturu kuma a riƙa buge filtar iska kusan kullum saboda ƙura. Bel, boris da fiyus su zauna a ajiye. Kwana uku gidan ruwan leda bai fitar da kaya ba, masu shago sun koma wurin wani, kuma dawo da su ya fi gyaran inji wuya.

Hajiya Mai Man Gyaɗa:

Allah ya saka da alheri. A namu fannin lokacin sari ne rai. Ɓararriyar gyaɗa mai kyau, a injin matsa, kilo 100 na ba da mai kilo 35 zuwa 40, saura tunkuza ce ta abincin kaji da dabbobi, kuma sau da yawa a tunkuzar ribar take. Wanda ya ajiye gyaɗa da kaka shi ke aiki har damina. Wanda kuɗinsa ya tafi biki ko ginin gida a daidai lokacin kakar, sai ya sayi gyaɗa da tsada a bazara, ya sayar da mai a farashin da masu ajiya suka yanka. Daga nan ake fara gauraya da wani mai don a tsira, masu saye su gane a ƙamshi, suna ya ɓaci.

A kuma faɗi gaskiya game da 'yan'uwa. Bare in ya yi sakaci ana sallamarsa. Ɗan yayar maigida kuwa, ya zo aiki ƙarfe goma, ya ba abokinsa jarka bashi, ba mai iya tanka masa don kada zumunci ya ɓaci.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Hajiya, da ku malamai. Saura ɗaya: wasu lafiya lau suke tafiya har ranar da Allah ya yi wa maigidan rasuwa. Shin rabon gado ne ke wajabta sayar da injina?

Almajirin Fiƙihu:

A'a, ɗan'uwa. Shari'a ta wajabta a ba kowa haƙƙinsa, ba ta ce a kwance inji ba.

Ɗauki mamacin da iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, dukiya ta kasu gida 8: matar na da tumuni, wato kaso 1, kowane namiji 2, kowace mace 1. Ka ga ɗan da ya yi shekara ashirin a bakin inji rubu'i kawai ya mallaka. Shi yana jin guminsa ne ya gina wurin, su kuma suna ganin an danne musu gado. Idan aka bar maganar ba a warware ba, shekara biyu sai a tsinci kai a kotu, kuma abin da ya fi sauƙin rabawa shi ne kuɗin sayarwa. Injin da aka kwance kuwa da ƙyar yake kawo rabin ƙimarsa, sunan gidan da amanar masu saye kuma ba a sayar da su ko kwabo.

Hanyar da ta fi ita ce a kira masana biyu ko uku su ƙimanta fili, injina, kayan da ke sito da bashin da ake bi. A rubuta kason kowa a gaban shaidu. Mai gudanarwa a yanka masa albashi dabam da kasonsa, a riƙa raba riba a lokacin da aka amince. Wanda ke son fita, sauran su sayi kasonsa da yardarsa, ko da biya kashi-kashi ne. Kason maraya kuma amana ne a wuyan waliyyi, sai an rubuta shi sarai.

Akwai kuma batun takarda. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta raba sana'a da mai ita ba. In ya rasu, banki na tsayar da asusun har sai an kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, abin da kan ɗauki watanni, alhali ma'aikata da dila ba za su jira ba. Kamfani mai hannun jari kuwa yana ci gaba da rayuwa bayan mai shi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa shi. Sai dai a tabbatar akwai mai sa hannu na biyu a banki tun maigida na da rai.

Tsohon Kakuri:

Duk na yarda, amma kada a ɗora wa masu sana'a laifin duka. Kaduna garin albashi ne. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, masaƙun Arewa da Nortex su ma sun rufe. Dubban ma'aikatan nan su ke sayen burodi, sabulu, gado da tukunya a ƙarshen wata. Mai lissafin da ya fi kowa iyawa ma sai da mai saye. Ga kayan waje masu araha a Kasuwar Gumi, ga rashin tsaro a hanyar Birnin Gwari da ya yanke wa mutane kasuwannin ƙauye na tsawon shekaru.

Abin da nake ganin yana hannunmu shi ne ilimin sana'ar. Ma'aunin haɗin sabulu, zafin tanda, wurin da ake samun yashi mai kyau, wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, duk a kan dattijo ɗaya suke. Yana ɓoye wa yaran shago don kada su buɗe nasu, 'ya'yansa kuma ya tura su karatu bai nuna musu ba.

Mai Lissafi:

Gaskiya ne, Baba. Ga gwajin da kowane gida zai iya yi: maigida ya janye hannunsa na mako biyu, ya bar wa wanda yake ganin zai gaje shi makulli, littafin bashi da lambobin dilolinsa. Duk abin da aka buga waya aka tambaye shi a cikin kwanakin nan, a rubuta shi a littafi tare da amsarsa. Bayan wata uku a sake, a ga kira nawa ya ragu.