Na bar banki na koma kamfanin finafinai da wasanni, na rasa tudun dafawa

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 9 na yi a banki nan Garwa ta Kamaru, ina duba takardun masu neman bashi. Mahaifina ne ya nema min aikin kafin ya rasu, shi ya sa ranar da na ajiye Inna ta kwana ba ta ce min uffan ba, kawuna kuwa har yau gaisuwa kawai muke. Wata 4 ke nan wani kamfani mai shirya wasan mawaƙa da finafinai ya ɗauke ni in tsara masa alƙibla. Na zauna na yi lissafi: azumi babu wasa, damina babu wasa, kuɗin duk na Sallah ne. Na ce mu rage wasanni, mu yi fim mai dogon zango da Hausa da Fulatanci a YouTube. Oga ya kife takardar, ya aza kofin shayi a kanta, ya ce mawaƙin Kano zai ɗauko. Ko barci ba na yi. Ya zan yi?

Alhaji Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ogan naka ya fi ka gaskiya. Shekara 15 ina sayar da faifan finafinan Kano, daga Marwa har Kuseri. Wannan harka fuska ake saye, ba lissafi ba. YouTube sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ka shiga rabon talla, su riƙe kashi 45 cikin 100, kuma kallon Kamaru ba ya biya kamar na Faransa.

Maman Iman: Ƙanena, akwai kwantiragi a rubuce? Sun sa ka a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata? Maigidana shekara 2 ya yi wa wani mai gidan rawa aiki da baki kawai, rana ɗaya aka ce ya tafi.

Ɗan Garwa: Yaya, ba maganar albashi na kawo ba. Alhaji, duk wannan na sa shi a lissafin.

Alhaji Tsohon Hannu: Ka sa masu tura fim a waya? Su suka kashe min shago, ina ji ina gani. Yaro da kwamfuta ɗaya a bakin kasuwa. Ka yi shiru shekara guda, ka bi su fili, ka riƙe ƙofa ka ga yadda tikiti ke ɓacewa.

Na Njamena: Ni dai ka koma banki tun ba su manta da kai ba.

Malama: A'a, kar ya koma. Ka fara da ƙarami: a sayar da tikitin Sallah ta hanyar tura kuɗi a waya, Orange Money da MoMo. In oga ya ga kuɗi sun cika, zai saurare ka.

Ɗan Garwa: Malama, ba mai sayar da tikiti aka ɗauke ni ba. Tsarin shekara 3 na rubuta.

Maman Iman: Har yanzu ba ka ce komai kan kwantiragin ba fa.