Shawarar manoman Maiurno kan noman shikoriya

Manoma a Maiurno, wani gari a Sudan, sun tattauna batun shikoriya, tsiron da Larabawa ke kira hindiba, wanda ake soya saiwarsa a gauraya da gahawa. A Faransa da Beljiyam ake yawan nomanta, har ana cire sinadarin inulin, wanda ake sa wa a kayan abinci, daga saiwar.

An fi daɗewa kan tazarar shuka. Idan aka cunkusa, saiwar kan fito siririya kamar ɗan yatsa, a sha wahalar tsintarta. Idan aka bar fili da yawa kuwa, kowace ta yi kauri amma jimillar amfanin gona ya ragu, ciyawa kuma ta samu wuri. A Turai sukan bar kimanin tsiro 150,000 a hekta, wato kusan 63,000 a faddan (ma'aunin gona na Sudan), da santimita 45 tsakanin layuka. Dattawa suka ce a rage yawan tsiron tun yana ƙarami, kada a ji tausayinsa. Ina ganin gaskiyarsu ce.

Ƙasa ma abin lura ce. Baƙar laka irin ta yankin Jazira na Sudan kan sa saiwa ta yi rassa, ta karye wajen tono, don haka jigawar bakin kogi ta fi.

Kan girbi, saiwar na son wajen wata shida. Tonon wuri na kawo rashin nauyi, jinkiri kuma na sa ta fid da kara ta yi tauri. Shawara ta tsaya kan a shuka da shigowar sanyi, a tone kafin zafin bazara ya kankama, a wanke a yayyanka a shanya ba tare da ɓata lokaci ba.