Wane ƙaramin tanki ya dace da mai fara kiwon murjani?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son fara kiwon murjani mai rai da kifin teku, amma wurin da nake da shi ba faɗi. An ce in nemi tankin nan mai haɗe da komai, wanda matatarsa ke ɓoye a baya. Tsakanin mai lita 50 da mai lita 75, wanne za ku ba ni shawara?

Mai Murjani: Wa alaikumus salam ƙanena. In da hali ɗauki mai 75. Ruwa kaɗan saurin juyawa gare shi. Gishiri ba ya bin tururi, ruwan ne kawai ke tafiya, don haka duk abin da ya ƙafe gishirin da ya rage ƙara kauri yake yi. Kuma lambar da ke jikin kwali ba ita ce ruwan da za ka samu ba, dutse da yashi za su ci nasu. Ka ƙaddara lita 40 ce ta rage maka, lita 1 ta ƙafe: gishirin ya tashi daga kashi 35 cikin 1,000 zuwa kusan 36 ke nan, murjani kuwa ba ya son hawa da sauka. A cikin irin waɗannan tankuna, Fluval Evo 13.5 lita 52 ne, Red Sea Max Nano 75, Nuvo Fusion 20 ma wajen haka, BioCube 32 kuwa ya kai kusan 120.

Injiniya: Kafin ka kalli kyan gilashin gaba, leƙa bayan tankin, can aikin yake. Ruwa na zubowa ta haƙoran sama zuwa ɗaki na farko inda audugar tacewa take, ya ratsa na tsakiya mai gawayi, ya faɗa na ƙarshe inda famfo ke mayar da shi gaba. Gwada abu uku. Hannunka yana shiga har ƙasa? In ba ya shiga, dattin da ya kwanta can zama zai yi yana ruɓewa. Hita tana shiga a tsaye ta nutse gaba ɗaya? Sannan famfon ana iya cire shi a sa wani?
Abin da sababbi ba sa lura da shi: a irin wannan tanki ruwan gaba ba ya raguwa, ƙafewar duk a ɗakin famfo take bayyana. Ka ga gaba cike fal, baya kuwa famfo na zuƙar iska yana fesa kumfa. Kada ka sa hita a wannan ɗakin, in ta fito fili tana kunne tana iya fashewa. Ajiye ta a ɗakin da ruwansa ba ya raguwa. Wat 1 ga kowace lita ya isa a yawancin gidaje, zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 na ma'aunin Salshiyas.

Uwar Kifaye: Ni dai ban ga laifin mai 52 ba, Malam Mai Murjani, muddin za a sa masa na'urar cike ruwa da kanta. Ita ce ke kashe matsalar da ka lissafa. Idonta a ɗakin famfo ake maƙala shi, kuma ruwan da take zubawa ruwan daɗi ne tatacce, ba na gishiri ba.

Mai Murjani: Gaskiyarki Hajiya, amma ba ta hana zafi tashi da rana, ba ta rage kashin kifi.

Uwar Kifaye: Wannan kam haka ne. To batun murfi: rufaffe yana rage ƙafewa amma yana tara zafi, kuma fitilar da ke jikinsa ita ke nan, canza ta aiki ne. Buɗaɗɗe ya fi ba ka zaɓin fitila, sai dai ka sa masa raga, don kifi na tsalle da dare.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Ruwan famfon gida fa, in na bar shi ya kwana?

Injiniya: A'a. Kwana ba ya cire sinadaran fosfet da silika da jan ƙarfe. Biyun farko gansakuka suke ciyarwa, jan ƙarfe kuwa kashe jatan lande da katantanwa yake yi. Nemi matatar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, ma'auninta ya nuna sifili. A dama gishiri wajen giram 36 zuwa 38 a kowace lita, a bokiti daban, a auna da rifraktomita (ma'aunin gishirin ruwa) har ya kai 1.025 ko 1.026. Ka tuna teburi ma: tanki mai 75 da ruwa da dutse da gilashi yakan kai kilo 100.

Mai Murjani: Kuma kada ka yi gaggawar sa rai a ciki. Sati 4 zuwa 6 ake ba bakteriya su kama dutse: amoniya, guba ga kifi, ta tashi ta sauka, naitirait, wata gubar, ya biyo baya, sai dukansu biyu sun koma sifili. Bayan haka wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta lulluɓe yashi, kada ta tayar maka da hankali, wucewa take yi. Fara da kifin kilawun (clownfish) biyu kacal. Murjani kuwa masu taushi: mai kama da naman kaza, da zowa mai kama da ƙananan furanni. Zowa sai da safar hannu, wasu na da dafi mai tsanani, kada ruwansu ya taɓa ido ko ciwo. Akrofora (murjani mai tauri) da animoni (halittar teku mai kama da fure) bar su tukuna, a ƙalla wata 6.

Uwar Kifaye: Sikima, na'urar da ke kwashe datti da kumfa, ba dole ba ce a wannan girman. Canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane sati, audugar kuma duk kwana 2 ko 3. Kuɗin sikimar gara ka sa shi a ƙaramin famfon kaɗa ruwa, don na baya shi kaɗai ba ya hana datti kwanciya a lungun duwatsu, sai kuma kayan gwajin alkali (ƙarfin ruwa na hana tsami), ka riƙe shi wajen 8 a ma'aunin dKH.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Zan auna teburin, in ya ɗauki nauyin sai mai 75. Injiniya, faɗin ɗakin baya nawa zan nema?

Injiniya: Tafi da hitar da za ka saya, ka zura ta da hannunka a wurin.