Neman kalmar Hausa: me za mu kira "sakuga" a rediyo?

Hafsat: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da yamma za mu naɗi shirin ƙarshen shekara na filin matasa, minti 25, waiwaye kan anime, wato zane mai motsi na Japan, na 2024. A ɓangaren yabo akwai Dandadan, Dungeon Meshi, ƙarshen Frieren da fim ɗin Look Back. A ɓangaren takaici akwai Uzumaki da zango na biyu na Blue Lock. Hukuncin da zan yanke a kan dukkansu ya rataya ne a wuyan kalma guda, sakuga. Mai sauraro a shago ko cikin adaidaita sahu ba ya ganin hoto, sai abin da kunnensa ya ɗauka. Ina neman kalma gajera da za a ji a gane, sannan ina neman kishiyarta, wato abin da Japanawa ke kira sakuga hokai, idan zanen ya lalace a tsakiyar shiri. Sai na miƙa rubutun ranar Laraba da daddare.

Nasiru: Wa alaikis salam, Malama Hafsat. A raba ta biyu tukuna. A Japananci haruffa biyu ne, na "yi" da na "hoto", kuma tana nufin aikin zana motsi gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Shi ya sa a jerin sunayen ƙarshen kowane kashi ake ganin sakuga kantoku, mutumin da ke bin zanen kowa yana gyarawa don fuskoki su zo iri ɗaya. Masu kallo na wajen Japan ne suka taƙaita kalmar ga 'yar gaɓar da wani gwani ya zage ya ƙure hannunsa. Wacce kike nufi?

Hafsat: Ta biyun ce ta fi yawa a rubutun. Amma ta farkon ma zan buƙace ta wajen bayanin yadda ake aikin.

Bilkisu: Gwanintar zane. Kishiyarta kuma lalacewar zane.

Nasiru: Anti Bilkisu, Blue Lock zai karya wannan. Ki tsayar da kashi na 2 ko na 3 a duk inda kika so, hoton da zai tsaya miki yana da kyau: ido na walƙiya, gashi ya sha inuwa, launi raɗau. Gwanintar zane tana nan. Abin da babu shi ne ƙafa ta ɗaga, ta bugi ƙwallo, jiki ya bi bugun. Ɗan wasa ɗaya ake zanawa a ja shi daga hagu zuwa dama, a zuba masa hayaƙi da haske na kwamfuta. Duk kalmar da ba ta ɗauke da motsi a cikinta ba za ta iya rarrabe wannan da Dandadan ba.

Auwal: To ga ta: zammotsi. Zane da motsi, an haɗe, nun ta koma mim a gaban mim kamar yadda baki ke yi da kansa. Gaɓa uku, daidai tsawon sakuga. Jam'i zammotsai. Mai yi, ɗan zammotsi. Na gaske, zammotsin ƙwarai. Wanda ya lalace, mataccen zammotsi. An gama, Malama, ki rubuta.

Malam Lawal: Ba a gama ba. Tun daga kan tambayar akwai gyara. Me ya sa ake cewa anime a gidan rediyon Hausa? Katun muka sani, ko zane mai motsi. Sannan ba ma buƙatar narka kalmomi biyu mu ƙera abin da babu wanda ya taɓa ji alhali muna da zayyana. Wanda ya ga allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ya san bambancin rubutu na yau da kullum da wurin da gwani ya zauna ya ƙawata. Wannan shi ne ainihin abin da kuke bayani. Gaɓar zayyana, shi ke nan.

Maryam: Allah ya gafarta Malam, zayyana kalma ce mai daraja, amma tana kai hankali ga cika ado da yawan layi, kuma aikin nan akasin haka yake tafiya. Bari in jera yadda kashi ɗaya ke fitowa. Kashi na minti 24 yakan ƙunshi gaɓoɓi wajen 300. Darakta ko wani da ya wakilta yana zana taswirar labari. A raba gaɓoɓin ga manyan masu zane, kowa ya tsara inda kyamara take da inda mutum zai tsaya, sannan ya zana genga, wato manyan matsayai na motsin: farkon naushi, tsakiyarsa, inda ya sauka. Tare da su yana cika takardar lokaci, wadda ke faɗin hoto nawa kowane zane zai zauna. Mai kula da zane ya gyara. Sai masu doga, wato zanen tsakani, su tsabtace layi su cike tsakanin manyan matsayan. Daga nan fenti, daga nan haɗawa da bango da haske.

Sakan ɗaya hoto 24 ne. Yawancin anime na talabijin zane ɗaya yana zama hoto uku, ke nan zane 8 a sakan. In ana son laushi a sa shi hoto biyu, zane 12. Zane 24 cur a sakan ba kasafai ba. Gwanintar tana cikin wannan takardar lokacin: ina za a riƙe, ina za a tsallake, ina za a miƙar da hannu ya wuce tsawonsa na hoto ɗaya tak don ido ya ji saurin. Marigayi Yoshinori Kanada, gwanin zana motsi na Japan, da ƙarancin zane ya yi suna, ba da yawansa ba. Kuma sau da yawa sai an rage layukan fuska da na tufafi kafin jiki ya samu sakewa. Wanda ya ji zayyana zai zaci ƙarin ado ake nufi.

Shawarata ga ma'ana ta farko: raya-zane. Ginin dafa-duka ne da buɗa-baki da share-fage, aikatau da abin da ya faɗa wa. Kunnen Bahaushe ya saba da shi.

Auwal: Raya-zane gaɓa huɗu ce, tawa uku. Kuma mai yin fa? Marayi? Jam'i maraya? Kin ga an shiga gidan marayu.

Maryam: Ba dole sai da ma- ba. Mai raya-zane, masu raya-zane. Taka kuma, Yaya Auwal, ka faɗe ta da ƙarfi. "Zan motsa" a bakin kowa "zam motsa" take fita. A rediyo za a ji zammotsi kamar mai gabatarwa ce ke cewa za ta motsa. A takarda tana da kyau, a kunne tana da kishiya.

Auwal: Karin sauti ya bambanta. In an maimaita sau uku a shiri ɗaya za ta zauna. Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka haife ta. Wa ya san jirgi mai saukar ungulu kafin wani ya fara faɗa?

Bilkisu: Saukar ungulu kowa ya taɓa gani, shi ya sa ta zauna. Ba narka ta aka yi ba, kwatance ne.

Isufu: Gaisuwa daga Damagaram. Ina tare da raya-zane, za a gane ta a nan ba tare da bayani ba. Amma Malam Lawal, katun ɗin da kake karewa ai Ingilishi ce. Mu nan ba mu gaje ta ba, desan anime muke ji daga Faransanci. In za a kori anime don baƙuwa ce, katun ma ta bi ta. In kuwa za a bar katun don bakin Kano ya saba da ita, to a faɗi haka kai tsaye, kada a kira shi tsarkin harshe.

Malam Lawal: Malam Isufu, aron da ya shekara da shekaru ya zama ɗan gida. Mota da tebur da asibiti duk haka suka shigo. Abin da nake ƙi shi ne yara su kwaso kalma daga intanet jiya, yau su ɗora ta a rediyo ba tare da ta bi ta hannun masana ba. Akwai sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, akwai littattafan keɓaɓɓun kalmomi. Daidaitacciyar Hausa ba a dandalin hira ake yin ta ba.

Isufu: A Yamai ma ana nazarin Hausa. Kuma kalmar da ake buƙata ranar Laraba ba za ta jira taron masana ba. Masu fassara finafinan Indiya ba su jira kowa ba, ga shi kalmominsu na yawo a bakin yara daga Kano har Agadas.

Malam Lawal: Shi ya sa Hausar yaran ta koma yadda ta koma.

Auwal: In dai ana maganar kishin harshe, tawa ce kaɗai ba ta ari komai ba kuma ba ta jingina da tsohuwar ma'ana ba. Japanawa sun ƙera tasu da haruffa biyu, mu me zai hana? Kullum sai mu yi ta dogon kwatance kamar harshenmu ba ya iya haihuwa.

Hafsat: Don Allah a dawo kan buƙatata. Anime zai zauna, domin masu sauraron filin haka suke kiransa, kuma zan faɗa sau ɗaya a farko cewa katun ɗin Japan ne. Na karɓi raya-zane ga aikin. Saura gaɓar da aka ƙure, da kishiyarta.

Nasiru: Gaɓar kece-raini. A kwatanta da faɗan Frieren da kwafinta a kashi na 26, ko guje-gujen kashin farko na Dandadan. Wuri ne da kamfani ke ware wa lokaci da gwanaye don a san da shi.

Maryam: Ta dace da faɗa, amma rabin abin da ya sa 2024 ta yi kyau ba faɗa ba ne. Kashi na 7 na Dandadan, wanda Shuto Enomoto ya tsara, ƙarfinsa yana wurin uwa da 'yarta, da yadda jikin uwar ke nauyi in ta gaji, da rawarta. Dungeon Meshi na kamfanin Trigger, kashi 24, gwanintarsa tana cikin hannu mai yanka da juya tukunya da yadda kowa ke tauna irin tasa. Look Back minti 58 ne kacal, yawancinsa bayan yarinya ne a sunkuye kan tebur. Daraktansa, Kiyotaka Oshiyama, ya zana kaso mai yawa da hannunsa, kuma ya bar layukan genga da kaushinsu ba a goge su ba. Ba wanda ake kece wa raini a nan. Ni gangariya nake gani: gangariyar raya-zane. Tana ɗaukar mai ƙara da mai shiru.

Bilkisu: Gangariya ta yi. Ana faɗinta ga zuma da turare da duk abin da ba a surka ba. To kishiyar sai ta zama algus.

Nasiru: A'a, algus zargi ne na ha'inci, kuma zai sauka a kan masu zanen, alhali ba su ne suka yanke lokacin ba. Dubi Uzumaki. An sanar da shi tun 2019, aka yi ta ɗagawa, ya fito a ƙarshen Satumbar 2024, kashi huɗu, baƙi da fari don ya bi layin Junji Ito, wanda ya zana littafin da aka ɗauko labarin daga ciki. Kashin farko, wanda Hiroshi Nagahama ya ja ragamarsa, kamar shafin littafin ne ya tashi yana numfashi. Kashi na biyu wani kamfani ne ya yi shi da wani darakta: gudu ya koma jan hoto, fuskoki suka karkace, inuwar layi-layi da ta riƙe kashin farko ta yi ƙaranci. Jason DeMarco na Adult Swim, tashar Amurka da ta nuna shirin, ya fito ya ce zaɓi uku ya rage musu: a fasa duka, a saki kashin farko kaɗai, ko a saki huɗun yadda suke. A Blue Lock kuwa kamfanin 8bit ya fitar da fim a Afrilu, ya dawo da kashi 14 a Oktoba, kuma wani mai zane ɗan ƙasar Chile ya bayyana cewa an zare motsi daga gaɓoɓin da ya miƙa. Idan lokaci ya ƙure, abu na farko da ake yankewa shi ne zanen tsakani, na biyu gyaran mai kula da zane.

Ke nan cuta biyu ce. In aka tsallake gyara, fuska ta karkace: wannan shi ne hokai na asali, kuma ma'anar kalmar rushewa ce. In aka zare tsakani, hoto ya tsaya cak da kyansa. Na farko rushewar zane, na biyu sandarewar zane. Uzumaki ya haɗa biyun, Blue Lock na biyun ne ya fi kama shi.

Isufu: Sandarewa ta fito sarai. Rushewa kuwa gini take kawo mini. Kwaɓewa fa? Abu ya kwaɓe.

Bilkisu: Kwaɓewa ta fi zama a baki, rushewa ta fi kusa da asalin.

Malam Lawal: Sandarewa Hausa ce tsantsa, ban da ja a kanta. Gangariya ma ba laifi. Amma ina nan kan bakana cewa zayyana ta fi raya-zane asali, kuma ranar da aka zo rubuta wannan a littafin makaranta zan sake tayar da maganar.

Hafsat: Na gode, Malam. Ga abin da zai shiga rubutun. Raya-zane ga aikin, masu raya-zane ga ma'aikatan. Gangariyar raya-zane ga gaɓar da aka ƙure, kuma a karon farko zan ce masu kallo na kiranta sakuga, don wanda zai je nema a intanet ya samu. Kece-raini zan yi amfani da ita sau ɗaya, wurin faɗan Frieren. Sandarewar zane ga Blue Lock. Ga Uzumaki ban yanke ba tsakanin rushewa da kwaɓewa, zan karanta duka biyun da ƙarfi a gwaji in ji wadda ta fi fita.

Auwal: Gangariyar raya-zane gaɓa takwas ce a wurin da Japanawa ke da uku. Ki yi da ita tunda lokaci ya matse, amma ni a tashata zammotsi zan ci gaba da faɗa.

Nasiru: Gyara ɗaya kafin ki miƙa, Malama. Frieren ya fara ne a ƙarshen Satumbar 2023, kashi na 17 zuwa na 28 ne kaɗai suka faɗo cikin 2024. In za ki ambaci rawar Fern da Stark, ta kashi na 15 ce, a Disambar 2023 aka nuna ta, don haka ki ce ta bara ce.