Dabarun Cin Gajiyar Giɓin Doka a Wasan Besbol

A wata tattaunawa kan yadda za a ci gajiyar giɓin doka a wasan besbol, shawarar da ta fi yawa ita ce ɗan wasa ya karanta littafin dokoki da kansa, domin abin da doka ba ta hana ba halal ne a fili har sai an toshe shi. An kawo misalin Bill Veeck, mai ƙungiyar St. Louis Browns, wanda a 1951 ya sa Eddie Gaedel, mutum mai tsawon santimita 109 kacal, ya riƙe sandar bugu. Da ya duƙa, wurin da ake buƙatar ƙwallo ta ratsa tsakanin gwiwarsa da ƙirjinsa ya ƙanƙance ƙwarai, mai jifa ya kuskure sau huɗu a jere, wanda a doka ke ba mai bugu damar wucewa kyauta, sai Gaedel ya taka zuwa tasha ta farko (cikin tashoshin da mai gudu ke zagayawa don cin maki) ba tare da ya ɗaga sanda ba. Washegari hukumar gasar ta soke kwantiraginsa.

Saboda haka wasu suka yi gargaɗin cewa irin wannan dabara ba ta daɗewa. Wani ɗan wasa, Germany Schaefer, ya koma da gudu daga tasha ta biyu zuwa ta farko a 1911 don ya ruɗa abokan hamayya, kuma a 1920 aka haramta irin wannan gudu da baya.

Dabarar da kowa ya amince da ita, kuma a ganina ta fi kowacce armashi, ita ce ɓoye ƙwallo: mai tsaron tasha ya riƙe ta cikin safar hannunsa, mai gudu ya ɗauka tana wurin mai jifa, da ya matsa daga tashar sai a taɓa shi da ita, a fitar da shi. Wani sharaɗi shi ne kada mai jifa ya taka farantin jifa, wato inda yake tsayawa ya yi jifa, hannu wofi.